Mai Walda, Daga Dama Zuwa Hagu

Laraba, 21 ga Afrilu, 1954

Yau ba a yi aikin kirki a ofis ba. 'Yan majalisar dattawa sun zo New York binciken littattafan zane, wai mu ne muke lalata yaran ƙasa. Kowa ya ajiye burushi yana jiran labari. Mista Rudnick, mai kamfanin, sai shiga yake yana fita, gumi har ya jiƙa kwalar rigarsa. Wani likitan ƙwaƙwalwa ya tsaya gaban 'yan majalisar ya ce yaron da ya karanta zanenmu zai tashi ɓarawo. Tano, mai rubuta mana maganganu cikin balan-balan ɗin da ake zanawa a bakin mai magana, ya ce to shi da ya rubuta duk kalmomin nan da hannunsa, me ya sa har yanzu ko kujerar ofis bai iya sacewa ba. Babu wanda ya yi dariya sai ni.

Ko a jikina. Ni ba na zana gawa, ba na zana yankakken kai. Mai Walda nake zanawa, mutumin da tartsatsi ke fita daga tafin hannunsa yana ɗinke gada idan ta tsage. Jarumai masu tashi sama da suka cika kasuwa lokacin yaƙin duniya kusan duk sun mutu, an koma labarin kaboyi da soyayya da fatalwa, amma nawa yana nan. A bangon littafin an rubuta D. Pine, saboda Rudnick ya ce yara maza ba za su sayi jarumin da Dvora Pinsker ta zana ba. Sun saya kuwa, tun ƙarshen yaƙi suke saye.

Su binciki abin da za su bincika. Gobe ina da gada da zan ƙarasa.

Lahadi, 25 ga Afrilu

Na sake yin faɗa da Mama a kan abu ɗaya da muke faɗa a kai kullum.

Na kawo mata sabon fitowa. Ta goge hannu a jikin atamfar girki, ta zauna kusa da taga, ta kife littafin, ta buɗe shi daga baya kamar jaridarta ta Yidish, harshenmu na Yahudawa. Daga dama zuwa hagu, shafi bayan shafi, akwatin hoto bayan akwatin hoto. Turanci ba ta karantawa, hotuna kawai take bi. Na gaya mata ya fi a ƙirga cewa ta nan ake farawa, Mama, ta nan. Sai ta ce ita tun tana yarinya a ƙauyensu ta dama littafi yake buɗewa, ba a Brooklyn za a koya mata buɗe littafi ba.

Abin da ke ƙona min rai shi ne yadda labarin yake komawa a hannunta. Kowane labarin Mai Walda a kicin yake farawa. Yana zaune da uwarsa, fuska a buɗe, yana cin abinci, sai a kira shi, ya sauke murfin walda a fuskarsa ya fita. A ƙarshe yana tsaye a kan gada shi kaɗai. To a wurin Mama yana farawa ne a kan gada, ya yi dambe, ginin da ya rushe ya miƙe, sannan ya zo gida ya cire murfi ya zauna cin abinci. Kullum sai ta kai kicin take rufewa.

Fuskar Heshy ce, yayana. Hancin nan da aka karya masa a kan titin Pitkin yana saurayi, kunnuwan nan kamar hannun tukunya. Walda yake yi a tashar gyaran jiragen ruwa kafin a ɗauke shi soja, kuma a Faransa aka binne shi, wurin da babu ɗayanmu da ya taɓa gani. Ban taɓa faɗa wa Mama cewa shi nake zanawa ba, ita ma ba ta taɓa ambatar sunansa a kan littafin ba. Iyakarta ta ce, "Yaron nan ya rame wannan watan. Ki ƙara masa kumatu."

Na ce mata labari gaba yake tafiya, wanda ya fita ya fita. Ta dube ni ta ce in sha shayina kafin ya huce. Na ji haushin kaina, amma gaskiya na faɗa.

Talata, 11 ga Mayu

Mista Abelson mai kantin alewa ya sauke littattafan zane daga kan igiya ya tura ƙarƙashin kanta. Sai ka tambaya a hankali yake fito da su, kamar kana sayen abin kunya. Ya ce matan unguwa sun zo masa da takarda a hannu. An kuma ce a wasu garuruwa yara ake sa wa su tattaro littattafai a ƙona a filin makaranta.

Tano ya fara gaya wa surukansa cewa katin gaisuwa yake rubutawa. Ni kuwa a cikin jirgin ƙarƙashin ƙasa na buɗe shafukana a kan cinya ina duba tawada, wata mata mai hula da fure ta leƙa ta ja tsaki. Na matsa mata da shafin kusa don ta gani da kyau.

Alhamis, 3 ga Yuni

An dawo da ɗaurin littattafanmu daga dillalai, ko wayar da aka ɗaure su da ita ba a yanke ba.

Litinin, 16 ga Agusta

Zafi. Tawada tana bushewa a kan burushi kafin in kai takarda. Rudnick ya kashe duk littattafan fatalwa, ya sallami masu zana su. Teburan da ke bayana sun zama wurin ajiye hula. Mai Walda ya koma fitowa wata biyu sau ɗaya.

Da na gaya wa Mama sai ta ce to ai hanya ce ta yi wa yaron nisa. Na kwashe kwanuka na nufi famfo, don ban son wani faɗan.

Juma'a, 29 ga Oktoba

Masu kamfanoni sun haɗu sun kafa wa kansu ofishin tacewa. Duk shafi sai an kai can kafin maɗaba'a, idan ya wuce a buga masa hatimi a bango. Littafin da babu hatimi dillali ba zai taɓa shi ba. Dokokin suna da yawa: babu jini, babu raina ɗan sanda, mugu dole ya sha kashi. Na karanta na ce to ai Mai Walda liman ne a cikinsu.

Ashe ana wata ga wata. Da yamma Rudnick ya kira ni ofishinsa ya rufe ƙofa. Ya baje shafin kicin a kan tebur ya ɗora yatsa a kan hancin. Ya yi ta kewaye-kewaye, wai zamani ya canza, wai iyaye suna duba abin da yara ke karantawa, wai jarumi ya kamata ya yi kama da wanda za a bar shi ya shigo falo. Wai wannan fuskar ta ɗan daba ce. Wai kicin ɗin ma ya cika duhu, tsohuwar da ɗankwali kamar jiya ta sauka daga jirgin ruwan baƙin haure.

Na tambaye shi ko ofishin hatimi ne suka ce. Ya ce ba su gani ba tukuna, amma shi ya san abin da za su ce.

Na ce, "Mista Rudnick, wace fuska kake so ke nan?"

Ya ce, "Kin sani sarai. Fuskar Amurka. Hanci miƙaƙƙe, haɓa mai kyau."

"To wannan da ya mutu a Faransa da kakin Amurka a jikinsa, fuskar ina ce?"

Ya kau da kai ya ce shi ba siyasa ya kira ni ba. Na kalli nasa hancin, na kalle shi da kyau har sai da ya sa hannu ya rufe da sunan gyara tabarau. Mutumin da uwarsa ta sayar da kifin gishiri a titin Hester, unguwar Yahudawa irinmu, yau shi ne ke auna hancin mutane. Na ce ba zan canza ba, na fita.

Talata, 9 ga Nuwamba

Na iso da safe na tarar da shafukan da na gama jiya a kan teburina, an sauya kawuna. Haka ake yi a sana'ar nan idan mai gida bai son fuska: a zana wata a 'yar takarda, a yanke, a shafa gam a manna a kan ta asali. A maɗaba'a ba a ganin wurin haɗin. Wani mai zanen tallan man aski Rudnick ya ba ya zana kawunan. Kyakkyawa ne kam, irin kyan da ba ya gaya maka komai. Ga shi zaune a kicin ɗina yana murmushi ga miyar uwar wani.

Tano ne ya manna. Bai ɓoye ba. Ya zo ya tsaya a gefena yana murza hularsa, ya ce 'ya'yansa suna ci, an ce ya manna ya manna. Na ce ban tambaye shi ba. Ya ce gam ɗin roba ya sa, irin wanda ke ɗagowa idan an bi shi da reza a hankali, shi dai ya faɗa ne kawai. Sannan ya tafi shan kofi ya daɗe.

Na bi su ɗaya bayan ɗaya da reza. Heshy yana nan a ƙasa, ko tabo babu. Kawunan na jera su a kan bututun ɗumama ɗaki, suka nannaɗe suna murmushi.

Laraba, 10 ga Nuwamba

Rudnick ya kama ni. Bai taɓa buɗe ambulan ɗin da ke fita ba sai yau. Ya yi ihu har masu ɗinki na bene na ƙasa suka leƙo. Ya ce ina so in rufe masa kamfani, ya ce Mai Walda nasa ne, da hancinsa da kunnensa da takalminsa, ya saya. Na ce ya sayi tawada da takarda, hancin kuwa a titin Pitkin aka yi shi kyauta.

Ya sa aka sake zana kawunan, ya manna da hannunsa da gam mai ƙarfi, ya sa shafukan a hammata ya kai da kansa. Ya kuma ce a dakatar da fitowa ta gaba sai ya ga yadda kasuwa ta karɓi sabuwar fuska. Ni an ba ni zomaye masu wando in bi da tawada.

Zan zana zomaye. Amma ban ce na yarda ba, kuma ba zan ce ba.

Litinin, 13 ga Disamba

Zomaye. Yau ɗaya ya faɗa cikin tulun zuma. Mama ta tambaya yaushe yaron zai zo, na ce sai bayan sabuwar shekara. Ban gaya mata sauran ba.

Lahadi, 6 ga Fabrairu, 1955

Littafin ya fito, ban kawo wa Mama ba. Na ce ya makara a maɗaba'a. Ashe ta sa mayafi ta taka har kantin Abelson cikin ƙanƙarar nan, ya fito mata da shi daga ƙarƙashin kanta.

Ina wanke kwanuka ta zauna a wurinta, ta kife shi, ta fara daga baya. Ina jin ƙarar shafi. Gada, dambe, gini ya miƙe. Duk murfi a fuska, babu abin da ya canza. Sai ƙarar ta ɗauke.

Ta daɗe tana kallo. Ta kai littafin kusa da taga, ta goge tabarau ta sake sawa.

"Dvora, wane ne wannan a kicin ɗina?"

Na ce mai kamfani ne ya sa aka canza, ba ni ba ce. Na fara bayani a kan hatimi da dillalai da 'yan majalisa, ta ɗaga hannu.

"To shi yana ina?"

Da na iya cewa yana ƙarƙashin takardar, an manna wani ne a kansa. Da na iya cewa yana Faransa, Mama, tun tuni, kamar yadda na saba faɗa da bakin nan nawa mai kaifi. Ta rufe littafin, ba ta sa shi a cikin akwatin da take tara sauran ba, ta ajiye a kan jaridun da muke naɗe shara da su. Da daddare ba ta ci komai ba. Na yi kuka a banɗaki da famfo a buɗe, kuma na tsani Rudnick yau kamar ban taɓa tsanar mutum ba.

Alhamis, 24 ga Fabrairu

Sabuwar fuska ba ta ceci kowa ba. Dillalai sun ce jarumi mai murfi ya tsufa, zomo suke so. Rudnick ya ce saura fitowa ɗaya a rufe Mai Walda. Yana son labarin ban kwana mai tsabta: jarumi ya gama aikinsa, ya bar birni, ya ɗaga hannu. Da sabuwar fuska, ya ce, don kada a ce kamfaninsa ba ya tsayawa a kan magana ɗaya. Idan na yi haka, kujerata tana nan a wurin zomaye har illa masha Allah.

Na ce da tsohuwar fuska zan yi.

Ya ce, "Dvora, ki ji ni da kyau. Fuska ko kujera. Ba za ki samu biyun ba."

Na ce fuska.

Ya yi dariya, ya ce in je in yi tunani, mace mai tsohuwa a gida ba ta wasa da kujera a wannan zamanin. Ya ƙara da cewa bai ma yi alkawarin bugawa ba sai ya gani. Na ce zai gani.

Na fito. Kamfanoni sai rufewa suke, masu zane da suka fi ni suna tuƙa tasi. Ban san inda zan nufa ba. Amma Mama ba za ta rufe ido a kan mai tallan man aski ba.

Talata, 1 ga Maris

Wata matsala da ban hango ba. Labarin ban kwana ne. Na zauna ina tsara shi, sai na tuna hannun da zai buɗe shi. Idan na zana shi yana tafiya yadda aka saba, a hannun Mama zai zama mutum yana tafiya da baya, jirgi yana ja da baya, abin dariya. A labaran dambe ba ta damu ba, naushi naushi ne ko ta ina ka fara. Wannan kuwa ba dambe a ciki.

Shekara da shekaru ina gyara mata riƙon littafi. Yau na kama kaina ina tambaya, to in an bi ta wajenta fa, ya zai fito?

Ba don na yarda da ita ba. Aiki ne kawai, kuma ni ba na sakin aiki da gurgunta.

Laraba, 9 ga Maris

Ya fi duk abin da na taɓa zanawa wuya. Kowane akwati sai ya yi magana biyu.

Jirgin ruwa ba zan zana shi daga gefe ba, don a nan ake gane inda ya dosa. Na sa shi can nesa, ana ganin tsawon bututunsa, hayaƙi ya miƙe sama sak, babu iska, babu kumfa a ruwa. A akwati ɗaya babba ne, a na gaba ƙarami, a na gaba ɗigo. Idan ka bi ta hagu yana tafiya. Idan ka bi ta dama yana zuwa.

Matakalar gidanmu na zana, da fitilar da ta mutu a hawa na biyu. Ban zana shi yana taku ba, na tsayar da shi a kan kwana, hannu a kan ƙarfen riƙo, yana kallonmu. Ƙofa a rabin buɗe, hannunsa a kan mariƙi. Murfin walda a tsakiyar goshi, yatsunsa a gefe, babu mai iya rantsewa ko saukewa yake ko ɗagawa. Uwar tana rungume da shi a bakin ƙofa, fuskarta a kafaɗarsa. Wannan bai ba ni wahala ba, runguma iri ɗaya ce ko ta ina.

Akwatin farko: yana zaune, fuska a buɗe, kwanon miya cike a gabansa yana tururi. Na ƙara masa kumatu.

Tano ya leƙo ya tambaya ina maganganun da zai rubuta. Na ce babu, sai kalma ɗaya a akwatin farko. Ya duba, ya ce an ɗauko shi aiki ya rubuta "Mama" kawai? Ya ɗauki shafukan ya bi su gaba, ya ce da kyau, abin tausayi. Na karɓa na juya masa su na ce ya bi ta nan. Ya bi. Da ya kai ƙarshe sai ya yi alamar gicciye a ƙirjinsa ya ce min mayya, ya tafi neman alƙalaminsa mafi kyau.

Litinin, 21 ga Maris

Na kai wa Rudnick. Da gangan na jera shafukan a juye, na ƙarshe a sama, na ajiye a gabansa. Ya fara gunaguni wai ko jera takarda ban iya ba, ya kai hannu zai gyara, sai ya tsaya a kan ɗigon jirgin. Idonsa ya tafi dama da kansa. Na gani da idona. Mutumin da a ofis ko kalma ɗaya ta Yidish ba ya bari ta kuɓuce masa, wanda ke cewa shi a nan aka haife shi, idonsa bai manta hanyar makarantar da aka fara kai shi ba, inda ake karatu daga dama.

Ya bi har kicin. Ya daɗe a kan hancin. Ya cire tabarau ya goge, ya ce ƙura ta yi yawa a ofishin nan.

"Uwarki ta baya take buɗewa?"

Na ce e.

Ya ce, "Tawa ma haka take yi da kundin tallan kaya." Sai ya tattara shafukan, ya jera su daidai, na farko a sama, ya sa a ambulan. Ya ce littafin da zai mutu babu mai duba hancinsa. Ya ce ranar Juma'a in kwashe burusaina, magana ɗaya yake yi.

Na ce na sani, ni ma ɗaya nake yi.

Alhamis, 24 ga Maris

Shafuka sun dawo daga ofishin hatimi. Sun wuce. Gyara ɗaya tak suka nema: wuƙar da uwar ke yanka burodi da ita a bayan teburi, wai a cire, makami ne. Na shafe ta da farin fenti, yanzu tsohuwa tana yanka burodi da hannu wayam. Hanci kuwa ko kallonsa ba su yi ba.

Na kai wa Rudnick takardar na ajiye masa. Ya karanta, kunnensa ya yi ja. Duk wannan wahalar, da kukan da na yi a banɗaki, tsoronsa ne kawai ya jawo, ba kowa ba. Bai ce in zauna ba, ni ma ban roƙa ba.

Juma'a, 25 ga Maris

Na kwashe kayana. Tano ya rako ni har bakin titi ya cusa min gurasar matarsa a jaka. Na gaya wa Mama na bar aikin don kaina. Ta ce dama kujerar tana lalata min baya.

Talata, 3 ga Mayu

Na samu wuri a wani kamfanin kundin talla, ina zana takalma da tukwane. Babu mai tambayar tukunya daga wace unguwa ta fito.

Lahadi, 12 ga Yuni

Ya fito. Abelson ya ajiye min ɗaya, ga hatimin nan fari a kusurwar bango kamar kan sarki.

Mama ta ƙi karɓa da farko. Ta ce ta gama da littattafan nan, idonta ba ya gani. Na ajiye a kan tebur na koma wajen murhu, na ba ta baya. Can na ji ta ja kujera. Na ji ta kife shi.

Shafi ɗaya. Shiru. Wani shafin. Ba ta taɓa yin jinkiri haka ba. Na yi ta juya miyar da ba ta bukatar juyawa. Na ji ta ce a hankali, fitilar hawa na biyu har yanzu ba a gyara ba. Sai wani shafin, sai wani. Sannan babu ƙara kuma.

Da na juyo ta ɗora tafin hannunta a kan hoton kicin ɗin, a gefen kumatunsa, ba ta rufe fuskar ba. Ta nuna balan-balan ɗin da yatsa ta tambaye ni me ya ce. Tun da na fara kawo mata littattafan nan ba ta taɓa tambayar abin da aka rubuta ba.

Na ce, "Cewa ya yi, Mama."

Ta gyaɗa kai. Ta ce, "Heshy ya yi ƙiba. Gara haka."

Rabon da in ji sunan a bakinta tun ranar da aka kawo takardar rasuwarsa daga ma'aikatar soja. Sai ta ce wace irin mace ce ke yanka burodi babu wuƙa, ko ni ce ban iya zana wuƙa ba. Na ce dogon labari ne. Ta tashi ta ɗauko kwanuka, muka ci, ta ci da yawa.

Alhamis, 30 ga Yuni

Tukwane duk yini. An ce gobe takalman yara.

Har yanzu ina nan a kan bakana: littafi ta hagu ake fara shi, kuma wanda ya fita ya fita. Ba na cikin masu yi wa kansu tatsuniya.

Mama ba ta sa wannan a akwati ba, a kan teburin kicin yake kwana. Yau da safe kafin in fita na same shi a kife yadda ta bar shi. Ina sauri, shayi a hannuna, ban ga dalilin tsayawa juya shi ba, na buɗe shi ta baya. Tawada kawai nake dubawa, ko maɗaba'a ta cinye min hayaƙin jirgin.

Ba ta cinye ba. Na bi har kicin. Miyar tana nan da zafinta.

Na makara a aiki.